Sunan manhaja ya bambanta a Play Store da Android da iPhone: wanne ake gyarawa, wanne ake bari?

Bakano Mai Koyo:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani aiki da ya dawo hannuna. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa ce ta sa aka gina mata manhajar rubuta kuɗin adashi da Flutter (kayan aikin gina manhajar Android da iPhone a tare), wanda ya fara aikin kuma ya samu wata hidima ya tafi, sai aka miƙa mini in ci gaba daga inda ya tsaya. Manhajar tana kan Play Store, mambobi suna amfani da ita kullum, amma ta iPhone ba a taɓa ɗora ta ba, kuma ita ce shugabannin ƙungiyar suke so a fitar yanzu.

Abin da na tarar shi ne sunaye guda biyar, ba wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa. A shafin Play Store an rubuta Asusun 'Yan Kasuwa. Idan aka sauke ta a wayar Android, abin da ke ƙarƙashin tambarin shi ne adashi_app, da ƙananan baƙaƙe da layin ƙasa a tsakiya. A iPhone ɗin gwaji kuwa tana fitowa da Adashi App. A cikin fayil ɗin build.gradle, applicationId ɗin, wato sunan rajistar manhajar a Android, shi ne com.sunansa.adashi_app, inda na saka “sunansa” a madadin ainihin sunan wanda ya fara aikin, alhali a Xcode, inda ake gina ta iPhone, an rubuta com.sunansa.adashiApp.

Shugaban ƙungiyar ya ce a cire sunan wancan bawan Allah daga ko'ina, a kuma daidaita komai ya zama suna ɗaya. Da na canza applicationId zuwa com.kungiya.asusu, sai ginin, wato haɗa fayil ɗin manhajar, ya tsaya cak da saƙon “No matching client found for package name”. Tambayata ita ce: ta yaya zan wuce wannan saƙo, kuma mece ce hanya mafi tsafta ta mayar da sunayen nan biyar su zama ɗaya ba tare da mambobi sun rasa bayanansu ba?

'Yar Zazzau:

Wa alaikumus salam, Malam Bakano. Kafin a yi maganar saƙon kuskuren, ina ba ka shawara ka mayar da applicationId yadda ka same shi, harafi da harafi, domin saƙon da ya tsayar da kai ya yi maka alheri. Da ginin ya wuce ka kai shi Play Console, inda ake ɗora manhajoji zuwa Play Store, da can ma an ƙi karɓarsa a matsayin sabuntawa, saboda Google yana ɗaure kowace manhaja da applicationId ɗin fayil na farko da aka ɗora mata, kuma ba a canza shi, ba a kuma sake amfani da shi ga wata manhaja. Hanya ɗaya da sabon suna zai shiga ita ce a buɗe sabon shafi daga tushe, wanda ba shi da ko mutum ɗaya da ya sauke shi, ba shi da taurari ko ra'ayoyin da mambobinku suka rubuta.

Abin da zai faru a wayar mamba ya fi wannan muni. Android ba ya duba sunan da ke ƙarƙashin tambari idan zai gane manhaja, applicationId yake dubawa tare da makullin da aka sa mata hannu da shi. Saboda haka mai shagon da ya sauke sabuwar zai ga tambari biyu iri ɗaya suna zaune kusa da juna, tsohuwar da lissafinsa a ciki, sabuwar kuma babu komai, tana neman ya sake shiga. Duk abin da tsohuwar ta ajiye a cikin wayar yana cikin ma'ajiyarta ta kanta, wadda sabuwar ba ta da ikon buɗewa. Ga manhajar da ke riƙe da lissafin kuɗin mutane, ka san irin cece-ku-cen da wannan zai jawo a ranar kwasar adashi.

Sunayen da ka lissafa ba jinsi ɗaya ba ne, kuma wannan ne ya sa umarnin shugaban ba zai yiwu yadda ya faɗe shi ba. Biyu daga ciki, wato applicationId da takwaransa na iPhone, kamar sunan yanka suke, ana raɗa su sau ɗaya; sauran ukun laƙabi ne, ana iya canza su duk lokacin da aka ga dama. Idan shugaban ya ji nauyin barin tsohon suna, ka buɗe masa shafin X a Play Store ta burauza ya dubi adireshin: Twitter ta koma X tun watan Yulin 2023, amma har yanzu com.twitter.android ne a ƙarshen adireshin. Na TikTok kuwa com.zhiliaoapp.musically ne, sunan Musical.ly da aka haɗe da ita a 2018. Kamfanonin da ke da injiniyoyi dubbai ba su taɓa wannan suna ba, domin ba mai amfani da ke ganinsa sai wanda ya tona.

Shi kuma saƙon kuskuren daga Firebase ya fito, wato sabis ɗin Google da manhajoji ke amfani da shi wajen ajiye bayanai da shigar masu amfani. A cikin android/app akwai fayil mai suna google-services.json, a cikinsa kuma akwai layin package_name da aka rubuta lokacin da aka yi wa manhajar rajista. Yayin gini ana kwatanta wannan layi da applicationId na ƙarshe, idan ba su zo ɗaya ba sai a tsaya. Da zarar ka mayar da tsohon sunan, saƙon zai ɓace da kansa. Kada ka buɗe fayil ɗin ka gyara layin da hannu, ko da yake za ka ga masu ba da wannan shawara: ginin zai wuce, amma rajistar da ke wurin Firebase tana nan da tsohon suna, kuma matsalar za ta dawo daga baya ta wata fuska mai wuyar ganewa, musamman wajen shiga da asusun Google.

Gyaran da kake bukata a Android ɗan kaɗan ne. Ka buɗe android/app/src/main/AndroidManifest.xml, za ka ga android:label="adashi_app" a kan application, domin Flutter yana kwafe sunan aikin ne kai tsaye ya ajiye a nan ranar da aka ƙirƙire shi. Kana iya rubuta sabon sunan a wurin, amma ya fi kyau ka ƙirƙiri res/values/strings.xml, ka ajiye sunan a matsayin app_name, sannan ka mayar da layin ya zama android:label="@string/app_name". Ka kuma duba ko an saka wani label ɗin a kan MainActivity, wato ɓangaren da ke buɗewa idan an taɓa tambari, domin idan yana nan shi ne zai fito a ƙarƙashin tambari, ba na application ba. Daga nan sai ka ƙara lambar da ke bayan alamar tarawa a layin version na pubspec.yaml, ka gina, ka ɗora a matsayin sabuntawa.

Ɗan Damagaram:

Malama 'Yar Zazzau ta gama da ɓangaren Android, ni kuma zan ɗauki na iPhone. Malam Bakano, bambancin da ka gani tsakanin adashi_app da adashiApp ba ɓarnar wanda ya gabace ka ba ce, aikin Flutter ne, kuma da gangan yake yin haka. Dokokin kamfanonin biyu sun saɓa: Android yana karɓar baƙaƙe da lambobi da layin ƙasa, ba ya karɓar karan ɗori, Apple kuma yana karɓar baƙaƙe da lambobi da karan ɗori da ɗigo, ba ya karɓar layin ƙasa. Tunda sunan aikin Dart, wato harshen da ake rubuta manhajojin Flutter da shi, da ƙananan baƙaƙe da layin ƙasa ake rubuta shi, sai umarnin flutter create ya cire layin ya ɗaga harafin da ke biye da shi domin Apple ya karɓa. Ma'ana, muddin na Android ya tsaya a adashi_app, babu yadda za a yi na iPhone ya zama daidai da shi, kuma babu abin da ke bukatar hakan. Shagunan biyu ba sa duba juna, Firebase kuma yana yi wa kowanne rajista daban a ƙarƙashin aiki ɗaya, bayanan mambobi suna nan a wuri ɗaya ko da sunayen sun bambanta.

Sa'ar da ka yi ita ce ba a ɗora komai a App Store Connect, takwaran Play Console a wurin Apple, ba tukuna. Apple yana kulle sunan ne daga ginin farko da aka ɗora, ko da na gwaji ne ta TestFlight, saboda haka yanzu ne kaɗai damarka ta zaɓar suna mai tsafta wanda babu sunan kowa a ciki. Ka buɗe ios/Runner.xcworkspace, ka zaɓi Runner, ka canza shi a shafin Signing & Capabilities. Bayan haka ka nemi PRODUCT_BUNDLE_IDENTIFIER a cikin project.pbxproj ka tabbatar ya canza a wurare uku, na Debug da Release da Profile, domin sau da yawa akan gyara ɗaya a bar biyu, sai manhaja ta yi aiki lafiya a wayar gwaji, ta ƙi sa hannu ranar da za a fitar da ita. Na RunnerTests ma ka mayar da shi ya fara da sabon sunan. Idan kuma wata rana kuka ƙara wani reshe, kamar na sanarwa ko na widget, dole sunansa ya fara da cikakken sunan uwar manhajar sannan ɗigo da ƙari.

Sannan ka koma Firebase ka yi wa sabon sunan rajista a matsayin sabuwar manhajar iOS, domin can ma ba a gyara wanda aka riga aka rubuta. Ka sauke sabon GoogleService-Info.plist ka maye tsohon da shi, ko ka sake gudanar da flutterfire configure ya sabunta maka firebase_options.dart. Idan kuna shiga da asusun Google, akwai REVERSED_CLIENT_ID da aka kwafa cikin Info.plist, shi ma sabo ne zai maye shi.

Game da sunan da ake gani, Info.plist yana da layuka biyu masu kama da juna. CFBundleDisplayName shi ne wanda ke ƙarƙashin tambari, nan ne Adashi App yake zaune. CFBundleName kuma gajeren suna ne da Apple ya ce kada ya wuce harafi 15. Asusun 'Yan Kasuwa harafi 18 ne idan aka ƙirga da tazara, ya shiga cikin iyakar harafi 30 da shagunan biyu suka sa wa sunan shafi, amma a ƙarƙashin tambari waya za ta iya datse shi ta saka ɗigo uku. Da ni ne, da na bar cikakken sunan a shago, na saka Asusun Kasuwa a waya. Abin da ba za ka yi ba shi ne ka tura ta da Adashi App a waya alhali shafin yana cewa Asusun 'Yan Kasuwa, domin masu duba manhajoji na Apple suna mayar da irin wannan a ƙarƙashin ƙa'ida ta 2.3.8 idan sunayen biyu suka yi nisa da juna har mai saukewa zai rasa abin da ya sauke. Ba a ce su zama ɗaya ba, an ce wanda ya ga ɗaya ya gane ɗayan.

Ƙarin da zan yi a kan shawarar strings.xml shi ne tana buɗe maka ƙofar harsuna. Idan ƙungiyar tana da mambobi a wannan ɓangare namu, wayoyi da yawa a Maradi da Damagaram a kan Faransanci aka saita su, sai ka ƙara folda values-fr da nata strings.xml, ko values-ha ga wanda ya saita Hausa. A iPhone fayil ɗin InfoPlist.strings ne ke yin wannan aiki.

Tsohon Injiniya:

Na yarda da duk abin da aka faɗa, sai dai ina ganin ba a taɓa ainihin abin da ke damun shugaban ba. Mutumin da ya ce a cire sunan wani daga manhajarsa, tsoronsa shi ne kada wata rana a ce ba tasa ba ce. Wannan tsoro yana da tushe, amma ba a applicationId yake ba. Google ba ya tambayar ko kai ne mai adireshin intanet ɗin da ka juya ka yi suna da shi, al'ada ce kawai domin kada sunaye su yi karo. Mallaka tana wurare uku: asusun Play Console da manhajar take ciki, makullin ɗorawa, da aikin Firebase. Malam Bakano, ka bincika waɗannan yau. Idan manhajar tana cikin asusun wancan ɗan'uwa na kansa, to ko da an goge sunansa daga kowane fayil, shi ne mai ita. Maganin shi ne ƙungiyar ta buɗe asusunta, dala 25 ake biya sau ɗaya, a nemi ya tura mata manhajar ta hanyar da Play Console ya tanada. Tana tafiya da masu amfani da ita da taurarinta da sunanta na rajista. A ɓangaren Apple kuma, inda ake biyan dala 99 a shekara, kada ka yi wa sabon sunan rajista a asusunka na kanka don sauri, domin za ka sake ɗaura wa ƙungiyar igiyar da kuke ƙoƙarin kwancewa. Asusun ƙungiya yana bukatar lambar D-U-N-S, wato lambar shaidar kamfani ko ƙungiya, kuma samunta yana ɗaukar lokaci, gara a fara nema tun yanzu.

Game da makulli, sabbin manhajoji tun Agustan 2021 da nau'in fayil mai suna AAB ake ɗora su, wanda ke nufin Google ne ke riƙe da makullin sa hannu na ƙarshe, ku kuma kuna riƙe da na ɗorawa. Idan ba a miƙa maka fayil ɗin keystore mai ɗauke da makullin ɗorawa da kalmar sirrinsa ba, ana iya neman a sake saita makullin ɗorawa daga cikin Play Console, ba sai an canza sunan manhaja ba.

Inda na ɗan saɓa da ɗan'uwa na Damagaram shi ne wajen zaɓen sabon sunan iPhone. Na yarda a cire sunan mutum, amma kada a cusa cikakken sunan kasuwanci a ciki, domin manhajar da ta tashi daga Adashi ta koma Asusu tana iya sake komawa wani abu. Sunan ƙungiya a taƙaice da kalma ɗaya mai bayyana aikin sun isa, da ƙananan baƙaƙe, ba tare da ƙ ko ɗ ko ɓ ba, tunda ba a karɓarsu a nan.

Akwai kuma tarkon da nake so ka kauce masa. A cikin build.gradle, ko build.gradle.kts a sabbin ayyuka, za ka ga layin namespace a sama da applicationId, kuma shi ma yana ɗauke da sunan wancan bawan Allah. Tun fitowar sigar 8.0 ta Android Gradle Plugin a 2023 ya zama dole a rubuta shi a nan maimakon cikin manifest. Shi ba ya kulle, kana iya canza shi ba tare da Play Store ya damu ba, amma sunan .MainActivity da ke cikin manifest a kansa yake jingina. Idan ka canza shi ba ka matsar da MainActivity.kt zuwa sabuwar folda ka gyara layin package na samansa ba, manhajar za ta ginu lafiya, ta faɗi da zarar an taɓa tambarinta da saƙon ClassNotFoundException. Ko ka yi komai daidai, canza cikakken sunan MainActivity yana iya sa tambarin da mamba ya ajiye a fuskar wayarsa ya ɓace bayan sabuntawa. Ba abin da za a samu da ya kai wannan, ni dai da na bar shi.

Bakano Mai Koyo:

Allah ya saka muku da alheri, malamaina. Na mayar da applicationId yadda yake, saƙon Firebase ya ɓace kamar yadda Malama ta ce. Na nuna wa shugaban adireshin X ya gamsu, kuma binciken da Baba Injiniya ya sa ni ya nuna manhajar tana cikin asusun wanda ya fara aikin. Mun yi magana da shi, ya amince zai tura ta da zarar asusun ƙungiya ya samu. Ɓangaren iPhone na dakatar da shi har sai an buɗe asusun Apple da sunan ƙungiya.

Abu biyu suka rage. Shugabannin sun nace a saka cikakken sunan a Android, amma da na rubuta Asusun 'Yan Kasuwa a strings.xml sai ginin ya ƙi wucewa, ya nuna kuskure a kan wannan layi. Da na gwada da gajeren sunan ya wuce, sai dai idan na danna maɓallin da ke nuna manhajojin da aka buɗe kwanan nan, har yanzu tsohon suna nake gani a saman hoton.

'Yar Zazzau:

Alhamzar da ke gaban Yan ce ta tsayar da kai, Malam, domin a strings.xml wannan alama tana da ma'ana ta musamman ga Android. Ka saka karkataccen layi mai jingina baya a gabanta, ya zama Asusun \'Yan Kasuwa, ko kuma ka kewaye sunan gaba ɗaya da alamun zance masu ƙafa biyu a cikin layin. Haka za ka riƙa yi ga kowace kalma irin jama'a ko sana'a idan kuka zo fassara sauran rubutun da ke wannan fayil. Info.plist ba shi da wannan sharaɗi, can kana rubuta ta yadda take.

Sunan da ke saman hoton kuma ba daga manifest yake zuwa ba, daga lambar Dart ne. Ka buɗe lib/main.dart ka nemi title a cikin MaterialApp, shi ne Flutter ke miƙa wa Android domin wannan wuri. Shi ne suna na shida da bai shiga lissafinka ba. Layin name da ke pubspec.yaml kuwa ka ƙyale shi a adashi_app, domin duk layukan import da suka fara da package:adashi_app a kansa suka dogara, kuma ba ya fitowa a ko'ina a waya.

Ɗan Damagaram:

Mu a rubutun Hausar Nijar da ƴ muke rubuta wannan sauti, Ƴan Kasuwa, don haka ba mu cika haɗuwa da wannan matsala a irin wannan kalma ba, amma tunda shafin Play Store da alhamza aka rubuta shi, ka bi shi domin su tafi tare. Kafin ka tura sabuntawar, ka ɗora ta a layin gwajin cikin gida na Play Console, ka sauke ta a kan wayar da ke da tsohuwar sigar da aka ɗauko daga shago, ba wadda ka girka ta waya da kebul ba. Idan tambari ɗaya ya rage, sunansa ya canza, lissafin da ke ciki kuma yana nan, to sai ka sake ta ga mambobi. Wasu wayoyin sukan riƙe tsohon sunan a fuskarsu na ɗan lokaci bayan sabuntawa, kashe wayar a kunna yakan gyara wannan.